Shekarar da Na Kulle Hatsin Baba

Ku 'ya'yana, shekara da shekaru ke nan kuna ba da labarin ranar da na maƙale a ƙofar rumbun kakanku, kuma kowace shekara sai labarin ya ƙara ƙiba kamar mai shi. Nasiru yana gaya wa abokansa a Maradi wai kwana biyu na yi a maƙale. Hadiza ta ce wa mijinta da shanun amalanke aka jawo ni. To ku saurara. A gidan nan ni kaɗai ke da izinin ƙara wa magana gishiri, na kusa shekara sittin ina wannan aiki ba wanda ya kamo ni. Amma yau gaskiya zan rubuta, domin kun riƙe wurin dariyar kun yar da abin da ya kai ni ƙofar. Na tabbatar da haka a watan jiya, da Nasiru ya sauko daga mota da farar kujerar roba mai hannu, ya ajiye ta a gindin itacen bedi, ya ce in huta hakanan in bar masa harkar hatsin gidan nan. Ban ba shi amsa ba, dariya na yi har hulata ta faɗi. Ga amsar yanzu.

Kakanku Haru siriri ne, in ya tsaya a jikin bango sai ka ce sanda aka jingina. Ni kuwa tun ina goye ƙanwarsa, Gwaggo Tsahara, ta raɗa mani suna Tulu, kuma ban taɓa ba ta kunya ba. Da yake ni ne ɗansa na fari, bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" ne sunana a bakinsa har na yi furfura. Rumbun gidanmu babba ne, na saƙar gamba, yana bayan gida, ta sama ake shigarsa. Duk bayan kwana uku, da hantsi, Baba zai jingina tsani, ya ture jinka da gwafa, ya faɗa ciki, sai ka ga dammunan hatsi na fitowa sama suna faɗowa ƙasa, mata na ɗauka su tafi sussuka. Mace ba ta leƙa rumbu, ɗa ba ya leƙawa. Ni da gemuna ban taɓa sanin ko hatsinmu ya kai rabi ba. In ka tambaye shi, amsarsa ɗaya ce, "Akwai." Har a shekarar da muka ci dussa da ganyen tafasa, da aka tambaye shi sai ya ce akwai, kuma wallahi kalmar nan ta riƙe mu fiye da abin da ke cikin tukunya. Wani abu kuma da ban lura da shi ba sai daga baya: duk ranar buɗe rumbu sai ka ga wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ko wani magidanci da gonarsa ta ƙi, sun biyo ta bayan gidanmu kamar hanya ce ta kawo su. Sai dami ɗaya ya yi kuskure ya faɗa ta can bayan rumbun. Baba bai ga wanda ya ɗauka ba, wanda ya ɗauka bai ga Baba ba.

Yana da shekara tamanin ko abin da ya yi kusa, tsani ya zame da shi. Ina kasuwar Gangara a ranar, kuma na sha gaya maku har can na ji ƙarar faɗuwarsa. Wannan gishiri ne, a wayar salula aka gaya mani. Amma kwatangwalonsa ya bugu da gaske, ya yi sati uku a kan tabarma, mai ɗori na zuwa yana dawowa. Na tsorata, ba zan ɓoye maku ba. A lokacin ina safarar wake da aya zuwa hayin iyaka, hannuna da ɗan maiƙo, sai na yi abin da kowane ɗa mai ganin kansa ɗan kirki zai yi. Na gina magaza, wato ɗakin ajiya, ta siminti a tsakar gida, rufin kwano, ƙofar ƙarfe. Da kaka ta yi, na kira masu injin sussuka daga Gazawa, sannan na je na durƙusa gaban Baba.

"Baba, bana ba hawan tsani. Inji zai sussuke hatsin duka, mu zuba a buhu mu kulle."

"Duka?"

"Duka, Baba. Ko zangarniya ɗaya ba za a bari ta wahalar da kai ba."

"To rumbun fa, me za a sa masa?"

"Shi ma ya huta. Ya yi aiki."

Ya dube ni ya ce, "To, madalla." Ni kuwa na tashi ina jin kamar in je masallaci in ba da wa'azi a kan biyayya ga iyaye. Na sayo masa rediyo da kujera, irin wadda Nasiru ya kawo mani, har launin bai bambanta ba. Mabuɗin magaza na ɗaura shi da zare a aljihun 'yar cikina.

Watanni biyu Baba ya yi a kan kujerar nan. Masu wucewa sukan ce, "Ina kwana Baba," ba tare da sun rage sauri ba, su wuce su same ni. Mata suka koma wurina neman awo. Tsohuwar nan ta daina bi ta bayan gida, don ba ta da fuskar da za ta tsaya gaban ƙofar ƙarfe a tsakar gidan mutane ana kallonta. Ni ban ga komai ba, ina ta yawo da tumbina da mabuɗina. Innarku Saude ce ta fara magana.

"Malam, Baba ya rage cin tuwo."

"Haƙora ne."

"Waɗanne haƙoran? Waɗanda ya rabu da su tun kafin a haifi Hadiza?"

Na ce mata ta bar ni da abin da ba ta sani ba. Ta bar ni kuwa, irin barin da mata ke yi, wanda miya ke rage daɗi har sai ka gane.

Baba na da aboki Bafulatani, sunansa Buba. Tun suna samari, duk bayan girbi Buba yakan sauke shanunsa a gonarmu, su ci kara su bar mana taki, ranar da zai tashi kuma Baba ya hau rumbu ya jefo masa dami biyu ko uku. Ba ciniki ba ne tsakaninsu, ba a taɓa faɗin nawa ba. Shekara hamsin ba su kira juna da suna ba, wannan ya ce Kaɗo, wancan ya ce ɗan daji, su yi ta zagin juna har furar ta ƙare. A shekarar nan, ranar da Buba zai tashi ta zo daidai da kasuwar Gazawa. Na kama kabu-kabu tun da sassafe, mabuɗi na aljihuna. Da na dawo bayan la'asar, Gwaggo Tsahara na tarar a ƙofar gida ta tsuguna tana jirana, ko sallamata ba ta bari na gama ba.

"Tulu, zo nan in ba ka labarin aikinka."

"Gwaggo, ko ruwa ban sha ba."

"Za ka sha kunya tukuna, ita ce ta fi sanyi. Buba ya zo da jakinsa. Ya ce, Kaɗo, ina hatsina, ko bana ƙasa ta gane kai rago ne? Yayana ya buɗe baki zai ce akwai, ina kallonsa, sai idonsa ya faɗa kan ƙofar ƙarfenka. Can ya ce, yaro ya tafi da mabuɗi."

"To ai ba komai, gobe sai in..."

"Rufe mani baki. Ka san abin da Buba ya yi? Ya dubi kujerar, ya dubi rediyon, ya rage murya ya ce, sannu Haru, Allah ya ƙara sauƙi. Haru ya ce masa! Kamar mai gaida majinyaci. Ya ja jakinsa ya tafi. Da ya zage shi da ya fi."

Washegari na ɗora buhu guda a bayan babur na bi sawun shanu har kusa da iyaka. Na sami Buba a mashekarinsa, ya shimfiɗa mani tabarma, ya sa aka kawo mani nono, ya tambayi lafiyar kowa har da akuyar gidanmu. Da na nuna buhun sai ya girgiza kai.

"Ka mayar, Tulu. Ni ba da buhu nake abota ba. Hannun Kaɗo nake karɓa."

Na dawo da buhuna, nauyinsa ya ninka. Na kwance mabuɗin daga aljihu, na durƙusa na miƙa wa Baba. Ko hannu bai miƙo ba.

"Buhun da ƙarti biyu ke ɗagawa, ni zan ɗaga? Riƙe abinka. Mabuɗin da aka ba ni yau, gobe in na yi tuntuɓe ana iya karɓewa."

Kwana biyu bayan haka aka wayi gari kujera ba kowa. Rediyo na ta surutu shi kaɗai. Sai wajen azahar ga Baba ya shigo da damin geza a kai, yana ɗingishi. Washegari gamba. Jibi kuma sanduna. Ya share wuri kusa da tsohon rumbu ya fara kafa sabo. Gari ya ɗauka. A bakin rijiya ana cewa tsohon ya fara ruɗewa, yana gina rumbu ba shi da ƙwayar da zai sa. Na same shi yana saƙa, raina a ɓace.

"Baba, don Allah me ka rasa a gidan nan? Tuwo ka rasa ko fura?"

"Ban rasa komai ba. Jaki ma da ke turke bai rasa komai ba."

"Mutane na cewa na hana ka abinci."

"To ka gaya masu ba ka hana ni ba."

"Me za ka sa a ciki?"

"Gamanata tana nan, ba ta mutu ba. Ni ma haka."

Gamana, in kun manta ku 'yan lakol, 'yan boko, ita ce 'yar gonar da mutum ke noma wa kansa, ban da gandun gida. Ta Baba ta yi shekara goma ba a taɓa ta ba. Rani guda ya yi yana ginin nan, bai yarda wani daga cikinmu ya riƙe masa ko igiya ba. Ranar ɗora jinka abokan sahunsa na masallaci ya kira, tsofaffi huɗu, waɗanda in ka tara haƙoransu duka ba za su cika baki ɗaya ba. Suka ɗaga, suka ajiye, suka yi tari, suka sake ɗagawa, ɗaya na cewa a yi hagu ɗaya na cewa hagun wa. Na matso zan taimaka, Baba ya nuna ni da gwafa ya ce in tsaya inda nake, nan ba wurin yara ba ne. Ina da jika a lokacin.

Da ruwa ya sauka ya ɗauki sungumi ya tafi gamana. A nan ne na ɗanɗani kuɗata. Duk wanda zai je gona sai ya wuce ya ga tsoho ɗan tamanin a duƙe da hauya, ya kuma wuce ya ga ɗansa mai tumbi a kan babur. Liman ya kira ni gefe ya yi mani nasiha a kan haƙƙin uba. Wani da ko gaisuwar kirki ba ya yi wa nasa uban ya tare ni a kasuwa ya ce in ji tsoron Allah. Na taɓa tura 'yan ƙwadago su yi masa noman farko tun kafin ya fito, ya iske su ya kore su da ɓaraguzan ƙasa, sannan ya ƙi yi mani magana kwana tara. Shi ma ya biya nasa. Ƙafar da ta bugu ta kumbura, zazzaɓin damina ya kwantar da shi sau biyu, na biyun har muka kai shi likita a amalanke, ina tafe ina cewa in ya tafi ni na kashe shi. Yana farfaɗowa abin da ya fara tambaya shi ne ko an yi ruwa. Amma ku ji abin mamaki: tuwon da ya ƙi ci a kan kujera, yanzu sai ya share malmala biyu ya ce wa innarku miyar ta yi kaɗan. Ya koma zagin mutane. Ya koma dariya.

Zan so in ce maku ƙwari sun cinye buhunan magaza, ko ɓeraye sun yi biki a ciki, don labarin ya yi daɗi. Ba haka aka yi ba. Hatsin magaza lafiya lau ya kai mu kaka, kuma mata sun ji daɗin hutun sussuka, innarku na nan ku tambaye ta. Dabarata ba ta da aibi a wajen hatsi. A wajen mutum ne ta lalace.

Baba ya girbe dami goma sha ɗaya. Ni na ƙirga su daga nesa, kuma in na ce maku ya fi mai dami dubu taƙama ban ƙara gishiri ba. A shekarar na kira inji ya sussuke rabin hatsin gandu, rabin kuma na bar shi a zangarniya, na ɗaure, na loda a amalanke, na kai bayan gida. Na cire takalmi na durƙusa.

"Baba, wuri nake roƙo a rumbunka."

"Magazarka ta cika ne?"

"Ba ta cika ba."

"To in ya shiga nan, ka san ba ka da sauran magana a kansa? Ba ka tambaya, ba ka leƙe."

"Na sani."

"To shiga ka jera, yau kaɗai na yarda maka. Bayana na ciwo."

Sai a ranar na dubi rumbun da kyau. Gajere ne, gindinsa bai wuce gwiwa ba, ba ya bukatar tsani. Ƙofa ya yi masa a gefe, daidai ƙirjinsa, ya ɗaure ta da itace huɗu masu ƙarfi, faɗinta daidai kafaɗarsa. Kafaɗarsa fa na ce, ba tawa ba. Na sa kai ya shiga, na sa kafaɗa ta shiga da addu'a, da aka zo kan tumbi sai magana ta tsaya. Na yi gaba ya ƙi, na yi baya ya ƙi. Kaina na cikin duhu da ƙaiƙayi, sauran jikina na waje yana gaida jama'a. Ba kwana biyu ba ne, Nasiru. Daga hantsi ne zuwa kusan azahar, amma a cikinsa na tuna duk zunuban da na yi tun ina yaye. Gwaggo Tsahara ta zo da kwalbar man gyaɗa tana cewa a shafa, ai dama tulu da santsi yake fita. Innarku na dariya tana cewa subhanallahi don a ce ta tausaya. Wani ya kawo shawarar a yanke itacen ƙofar.

"Kada wanda ya taɓa mani ƙofa," in ji Baba. "In za a rage, a rage shi."

Ya kori kowa ya ce su je su kawo igiya, alhali igiya na rataye a jikin rumbun. Na ji ya zauna a ƙasa kusa da ni, ya jingina da saƙar, muryarsa na shigowa ta tsakanin gamba.

"Kai, kana jina?"

"Ina zan je, Baba?"

"Ka ga ƙofar nan? Tun kafin in faɗo nake tunaninta. Kana tsammani ban san tsani ya fi ƙarfina ba? Gwiwata ta gaya mani tun kana ganina kamar saurayi. Na san na tsufa kafin ka sani. Da ka zo ka ce, Baba yaya za mu yi, da tare muka rage wa rumbun tsawo. Sai ka rage ni."

Ƙaiƙayi ya shiga idona, shi ya sa suka yi ruwa. Wannan ita ce maganar da zan tsaya a kanta.

"Ranar da hannuna ya kasa jawo dami," ya ce, "ni zan kira ka in gaya maka. Ba sai ka gaya mani ba. Yanzu saki numfashi duka, ka daina riƙe ciki kamar mai zuwa zance."

Na saki, ya dafa bayana ya murɗa ni gefe kamar mai fitar da ɗan akuya, na fito tsulum, na bar rabin rigata da ɗan fatar ciki a jikin itacen. Ba shanu, ba igiya. Tsoho ɗan tamanin ne ya fitar da ni da hannu ɗaya, wannan kuma ba gishiri a ciki.

Bayan sati uku Buba ya sauka. Ranar tashinsa na ƙi zuwa kasuwa, na laɓe a bayan danga da tumbina rabi a waje. Ya zo da jakinsa a hankali, yana shirin gaisuwar marasa lafiya, sai ya tarar da Baba tsaye a jikin rumbu ya riƙe ƙugu. Ya dubi rumbun, ya dubi mai shi.

"Kaɗo, wannan akurkin kaji ne ko rumbu? Da abu a ciki kuwa?"

"Akwai," in ji Baba. "Matso da jakin, ɗan daji."

Shekara huɗu ya ƙara yana buɗe rumbun nan da hannunsa, dami kuma ya ci gaba da yin kuskure yana faɗawa ta baya. Wata safiya, ana saura kwana goma ya rasu, ya aika aka kira ni. Na same shi tsaye a ƙofar, hannunsa a kan dami, damin ya ƙi motsi. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce, "Lawali, jawo." Ranar ce kaɗai na ji sunana a bakinsa.

To Nasiru, ka ji. Na san gwiwata na ƙara in na tashi daga sujada, har liman ya taɓa waigowa ya ga ko ƙofa ce. Na san ba na ganin lambar salula sai na miƙa hannu har Gidan Rumji. Ba sai an aiko mani da sanarwa daga Maradi ba. Na faɗaɗa ƙofar rumbun da kaina tun bara waccan, bana kuma zan sa mata ɗan dakali. In kana da dabara, zo ka zauna mu yi ta tare, ina so. Kujerarka na gode, tana gindin bedi, kazar innarku ta yi ƙwai uku a kanta. Ranar da damin ya ƙi motsi, ni zan kira ka, da sunanka. Kafin ranar, in ka tambaye ni ko da sauran ƙarfi, ka riga ka san abin da zan ce.

Akwai.